Kantin Walton na Bentonville: Yadda Rikicin Haya Ya Haifi Walmart

A watan Maris na 2025 aka sake buɗe gidan tarihin kamfanin Walmart bayan doguwar kwaskwarima, shekara 75 ke nan da shigar Sam Walton, wanda ya kafa kamfanin, wannan gini. Ɗan kanti ne mai rumfa ja da fari, lamba 105 a titin North Main, yana fuskantar dandalin garin Bentonville a jihar Arkansas ta Amurka. Masu ziyara na tururuwa, ana nuna musu tsohuwar a-kori-kurar Walton ƙirar Ford ta 1979, ana ba su labarin hangen nesansa. Ni dai a ganina an cika wa hangen nesan nan gishiri. Abin da ya kawo shi Bentonville takardar haya ce da bai karanta da kyau ba.

Farkon garin ba shi da wani armashi. An kafa shi wajen 1836 a matsayin hedikwatar gundumar Benton, wuta ta ci yawancinsa a yaƙin basasa, lokacin gumurzun Pea Ridge na 1862, aka sake gina shi da jan bulo. Ginin Terry da ke manne da kantin, wanda yanzu ya shiga cikin gidan tarihin, a 1888 aka yi shi. Manoma suka rayu da tuffa, daga baya da kiwon kaji. Zuwa 1950 mutanen garin ba su wuce 3,000 ba, kuma wani Luther Harrison ne ke sayar da tarkacen gida a kantin: zare, allura, sabulu, kayan wasan yara.

Labarin gaske a Newport ya faro, can gabashin jihar. A 1945 Walton ya baro aikin soja ya sayi wani kanti na kamfanin Ben Franklin kan dala 25,000. Dala 5,000 ce tasa, sauran 20,000 surukinsa L.S. Robson ya ranta masa. Kuɗin haya kashi 5 cikin ɗari ne na cinikin da aka yi, abin da 'yan kasuwar wancan lokaci ke ɗauka tsada ce ta fitar hankali. Duk da haka ya yi ta neman sari mai rahusa, yana cin riba kaɗan don kaya su yi gudu, har ya kafa injin gugguru a bakin ƙofa don janyo masu wucewa. Kafin shekara biyar ciniki ya kusan ninka uku. Sai mai gidan, P.K. Holmes, ya ga wuri ya yi albarka, ya ƙi sabunta haya domin yana so ya ba ɗansa. Babu sharaɗin sabuntawa a takardar, don haka ba abin da Walton zai iya. Duk wanda ya taɓa raya shago a kasuwa mai rumfa ya kore shi ranar da ciniki ya kankama ya san wannan takaici.

Masu ba da labari sun fi son wasu dalilai biyu. Na farko, matarsa Helen ta ce ba za ta zauna a garin da ya haura mutum 10,000 ba. Na biyu, Walton mayen farautar salwa ne, Bentonville kuwa tana kusa da mahaɗar jihohi huɗu, kowace da lokacin farautarta. Duk gaskiya ne, amma sun bayyana inda ya sauka ne kawai, ba abin da ya yi da ya sauka ba. A dubi cinikin da ya ƙulla a watan Mayun 1950: ya sayi kantin Harrison har da ginin, sannan ya kafe sai an ba shi hayar shagon aski na maƙwabta ta shekara 99. Mai shagon ya yi ta ƙi, sai da surukin nan nasa ya sake sa baki da aljihu. Mutumin da ke neman hayar shekara 99 a garin mutum 3,000 ba salwa yake tunani ba.

Da ya samu, ya rushe bangon da ke tsakani, kanti ya faɗaɗa. A da, mai saye tsayawa yake a gaban kanta ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya miƙo. Walton ya ji labarin wasu kantuna biyu a Minnesota da suka bar wannan tsari, ya hau bas ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya jera kaya a fili, kowa ya ɗauka da hannunsa ya biya a bakin ƙofa. Har yau ana nuna dab'en tayil ja da kore da launinsu bai zo ɗaya ba, wai a haka ya saye su saboda an rage masa kuɗi.

Sauran sananne ne. Ranar 2 ga Yulin 1962 ya buɗe Walmart na farko a Rogers, gari na kusa. A 1990 aka mayar da tsohon kantin wurin baƙi, shi kuma ya rasu a 1992. Abin da gidan tarihin ba ya son nanatawa shi ne irin ɓarnar da manyan kantunan bayan gari suka yi wa ƙananan kantuna irin wannan. Masanin tattalin arziki Kenneth Stone ya bi garuruwan Iowa tun ƙarshen shekarun 1980, ya nuna yadda ciniki ke ƙaurace wa ƙananan garuruwan da ke kewaye da sabon Walmart. Dandalin Bentonville ya tsira ne saboda kuɗin kamfanin a nan suke kwana, garin ma ya haura mutum 54,000 a ƙidayar 2020.

Newport ba ta yi wannan sa'a ba. A 1969 Walton ya koma can ya buɗe Walmart na 18. Ba a jima ba tsohon kantin Ben Franklin na titin Front, wanda ɗan mai gidan ke riƙe da shi, ya rufe.