Baƙin Sama a Majigi, Baƙin Ƙasa a Tarihinmu



Waɗanda suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1990 ba za su manta da gidajen kallon bidiyo ba, inda muke biyan dala biyar mu zauna a kan benci, janareto na ruri a bayan ɗaki. A can muka ga Independence Day na 1996: jiragen wasu halittu daga wata duniya sun rufe sararin biranen Amurka, sun tarwatsa fadar shugaban ƙasa. Dattawanmu sun ɗauki abin shiririta. Amma da muka girma muka bi salsalar irin wannan labari, sai muka tarar ya shafe mu fiye da yadda muka zata.

Tushensa littafi ne na wani Baturen Ingila, H. G. Wells, mai suna The War of the Worlds. An fara buga shi kashi-kashi a mujalla a 1897, ya fito cikakke a 1898. A cikinsa halittun duniyar Mars suka sauka kusa da Landan da makaman da ba a taɓa ganin irinsu ba. Tun a babin farko marubucin ya tuna wa mutanensa abin da Turawa suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya, waɗanda aka kusa shafewa daga doron ƙasa. Nufinsa a fili yake: ku ɗanɗana abin da kuka shayar da wasu.

A daidai waɗannan shekaru biyu, 1897 da 1898, Jamusawa suke kafa ikonsu a ƙasar Kotokoli, inda Dakta Kersting ya kafa barikin Sakwade. Kafin nan sun riga sun zauna a Sansanin Mango, kan hanyar fataken goro da ta haɗa Kano da Gwanja, hanyar da ta kawo kakanninmu nan. Abin da Wells ya ƙaga domin tsoratar da mutanen Landan, a nan da idanu aka gan shi. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karaci ƙarƙashin Jamus har ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: cikin sojojin da Jamusawa suka yi amfani da su akwai Hausawa. Wasu namu sun sha wuya, wasu namu sun riƙe bindiga.

A littafin Wells ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan bayan igwa ta gaza. A Togo kuwa wasu maharan ne suka kori na farko: ranar 26 ga Agusta 1914 Jamusawa suka miƙa wuya ga Ingilishi da Faransawa a Kamina, kusa da Atakpame, aka raba ƙasar.

Daga baya masu shirya fim suka fara mayar da tsoron abin dariya. A Mars Attacks! na Tim Burton, shi ma na 1996, baƙin suna shelar zaman lafiya suka zo da shi alhali suna harbe mutane. Duk wanda ya san yadda aka sa sarakunanmu hannu a takardun kariya ba zai rasa gane wannan barkwanci ba. A ƙarshe ba soja ne ya ci su ba, faifan waƙar wata tsohuwa ne ya fasa musu kawuna. Maƙwabtanmu na Kumasi ma sun yi nasu, fim mai suna 2016 da ya fito a 2010, inda baƙin sama suka zaɓi Gana. Duniya ta yi dariyar ƙarancin kayan aikinsa, amma ya nuna cewa ba Amurka kaɗai ke da sama ba. Indiyawa kuma suka juya labarin gaba ɗaya. A Koi Mil Gaya na 2003 baƙon aboki ne da aka manta da shi a ƙasa. A PK na 2014, Aamir Khan ya fito a matsayin baƙo marar makami, wanda tambayoyinsa irin na yaro suka kunyata masu cin abinci da addini.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne District 9 na 2009. A nan baƙin ba mahara ba ne, 'yan gudun hijira ne da jirginsu ya maƙale a saman Johannesburg. Aka killace su a unguwar kwano, aka laƙaba musu sunan wulaƙanci, aka zo da takardar tashi a ce su sa hannu. Fim ɗin da kansa bai tsira daga laifin da yake suka ba, domin ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin, har ministar watsa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen silima su daina haska shi.

Me ya sa ya taɓa mu? A Ingilishi, kalmar da ake kiran halittar wata duniya ita ce dai ake kiran baƙon da ba ɗan ƙasa ba. Da wannan kalma gwamnatin Busia ta Gana ta fitar da doka a Nuwamba 1969, aka ba marasa takardun zama mako biyu su fice. Mutanen zango da yawa, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya, suka ɗaure kaya suka tsallako. A 1983 Najeriya ta yi irin haka ga 'yan Gana da wasunsu. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ɗan zango kuwa yakan kwana kaba ya tashi an ce masa raɓa.

Saboda haka muna da kira biyu. Na farko, iyaye su tsaya a kan takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa ga kowane yaro, kada a bari sai ranar jarrabawa ko ranar tafiya. Na biyu ya fi shafar 'yan'uwanmu na Dafango, inda mutanen da rikicin Burkina Faso ya koro suke neman mafaka a 'yan shekarun nan. Tsaro wajibi ne, kuma haɗa kai da hukuma wajibi ne. Amma kada tsoro ya sa mu ɗauki kowace baƙuwar fuska a matsayin mahari. Kakanninmu da jakunansu suka iso, Kotokoli da Moba suka ba su wurin sauke kaya. Wanda aka yi wa haka, bashi ne a wuyansa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.