Daga Littafin Dracula Zuwa Majigi: Darajar Fim Ɗin Nosferatu na 1922

Abin da zan yi magana a kansa shi ne wani tsohon fim na ƙasar Jamus mai suna Nosferatu, wanda aka fara nunawa a birnin Balin ranar 4 ga watan Maris, 1922. Kotu ta taɓa yanke hukuncin a ƙone shi ƙurmus, amma ga shi yau, bayan shekara fiye da ɗari, ana nazarinsa a jami'o'i. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me ya ba shi wannan daraja, alhali kuwa labarin da ya ɗauka na wani ne, kuma ba da izini ya ɗauka ba?

Asalin Labarin

Bram Stoker, mutumin Ailan, shi ne ya wallafa littafin Dracula a Landan cikin 1897. Ya shirya shi ne ta hanyar wasiƙu da guntayen jaridu da abubuwan da mutanen cikin labarin suke rubutawa kullum game da abin da ya same su. Shi Dracula basarake ne na Transilbaniya, yankin da ke cikin Romaniya a yau, matacce ne wanda ya ƙi kwanciya a kabari, yana tashi ya sha jinin masu rai. Sai a lura, ya bambanta da mayen da muka sani, domin shi maye rayayye ne mai kama kurwa, wannan kuwa gawa ce. Ya nufo Ingila cikin jirgin ruwa da akwatuna 50 cike da ƙasar garinsu, har wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Van Helsing suka fatattake shi zuwa ƙasarsa, suka kashe shi da wuƙaƙe.

A 1921 wani ƙaramin kamfani a Jamus, Prana Film, ya ƙudura mayar da wannan labari fim. Henrik Galeen ya tsara shi, F. W. Murnau ya ba da umarni. Suka sauya sunaye: Dracula ya koma Orlok, Harker ya koma Hutter, matarsa Mina ta koma Ellen. Ingila kuma aka maye gurbinta da wani ƙagaggen gari na Jamus, Wisborg, a shekarar 1838.

Inda Darajarsa Take

A ganina, darajar Nosferatu ta fito ne daga wuraren da ya saɓa wa littafin. Wuri na farko shi ne annoba. A wurin Stoker, dodon yakan zaɓi mutum ɗaya ya bi shi da dare. A wurin Murnau kuwa, jirgin Orlok ya iso gari cike da ɓeraye, mutane suka dinga mutuwa, ana yi wa ƙofofin gidajen mamata alama da alli, ana wucewa da akwatunan gawa a jere. To, waɗanda suka kalli wannan a 1922 mutane ne da suka rasa sojoji wajen miliyan 2 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan murar da ta game duniya daga 1918 ta biyo baya ta kwashe wasu. Shi kansa Murnau ya yi aiki a rundunar sojan sama a yaƙin. Watau dai abin da suka gani a allon majigi abu ne da suka riga suka ɗanɗana a titunansu.

Wuri na biyu shi ne hoto. Fim ɗin ba shi da magana, saboda haka duk abin da Stoker ya faɗa da alƙalami dole Murnau ya faɗe shi da haske da inuwa. Max Schreck, wanda ya fito a Orlok, an ba shi sanƙo da dogayen farata da haƙoran gaba irin na ɓera. A wurin da ya fi shahara, ba a nuna shi ba sam, inuwarsa kaɗai ake gani tana hawa matakala, hannunta miƙe zuwa ƙofar ɗakin Ellen. Daɗin daɗawa, a lokacin da manyan finafinan Jamus suke dogara da zanannun bangaye, Murnau ya fita waje ya ɗauki hoto a garuruwan Wismar da Lübeck da kuma fadar Orava da ke Silobakiya. Wannan ya sa mai kallo yakan ji kamar abin yana faruwa ne a gari irin nasa.

Wuri na uku shi ne ƙarshen labarin. Dracula na littafi yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin ne ya kawo cewa hasken rana yana hallaka shi. Ellen ta ba da ranta, ta riƙe Orlok a bakin gadonta har zakara ya yi cara, rana ta fito ya ɓace. Mace guda ta yi abin da maza suka kasa. Wannan ƙirƙira ta kafu har yawancin mutane a yau suna zaton daga Stoker ta fito.

Duk da haka fim ɗin bai tsira daga suka ba. Masana da dama sun nuna cewa siffar Orlok, baƙo daga gabas mai kawo ɓeraye da cuta, ta yi kama da zanen ɓatanci da ake yi wa Yahudawa a Turai a wancan zamani. Mai nazari bai kamata ya kau da kai daga wannan ba.

Hukuncin Kotu

Stoker ya mutu a 1912, haƙƙin littafin ya koma hannun matarsa Florence. Da ta sami labarin fim ɗin sai ta kai ƙara. Kamfanin ya karye, babu kuɗin da zai biya ta, don haka a 1925 kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata fim ɗin gaba ɗaya. Lalle ita ce mai gaskiya, domin sauya suna ba ya halatta kayan wani. Amma wasu kofe sun riga sun fita ƙasashen waje, da su aka nuna shi a Amurka a 1929. Fim ɗin da aka yi da izini, wanda kamfanin Universal ya fitar a 1931 tare da Bela Lugosi, ya bi wata hanyar, ya nuna Dracula a matsayin ƙasaitaccen mutum mai ado da iya magana.

Kammalawa

Werner Herzog ya sake yin Nosferatu a 1979, Robert Eggers kuma a 2024, dukkansu sawun Murnau suka bi. Darasin da ke ciki ga ɗalibin adabi shi ne, ba a auna fim da yawan bin littafi kalma da kalma, ana auna shi da abin da ya iya faɗa wa mutanen zamaninsa da kayan aikin da ke hannunsa. Ga ma'aikacin da haƙƙin mallaka ya shafi aikinsa kuwa, ya tuna cewa rashin neman izini ya kusa sa duniya ta yi asarar wannan fim ɗungurungum.