Motar da ta yi damina a ajiye: gadon Rudolf Diesel a fadamar Miga

A ƙasar Miga, ruwa ne ke tsara wa babbar mota kalandarta. Idan Kogin Haɗeja ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, hanyoyi kan yanke, mai mota ya jingine ta har kaka. Ranar da shinkafa ta taru a masussuka, ana jiran a kai ta kasuwar Gujungu ko Haɗeja, ranar ce direba zai murɗa makulli ya ji shiru. Abin da bakanike zai yi daga nan yana da tarihin da ya haura shekara 120.

A 1897, a birnin Augsburg na Jamus, Rudolf Diesel ya kammala injin da ba ya buƙatar tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, abin da ya sauƙaƙa ɗora wannan inji a kan mota. Yankin Haɗeja kuwa da jirgin ƙasa ya fara sabawa, domin layin dogo daga Kano ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930, yana kwasar gyaɗa. Daga baya manyan motoci suka karɓe dakon, musamman Mercedes 911, wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu, yayin da Steyr ke aiki a Bauci, Fiat kuma a Kano. A jikin waɗannan motoci kanikawan Arewa suka koyi karatunsu.

Karatun ya ginu ne kan buƙatu uku na injin: juyi mai sauri, mai tsaftatacce, da matsi. Ajiya tana cin dukkansu. Batir ne ke fara mutuwa, domin zafin ƙasar nan yana zuƙe cajinsa ko ba a taɓa shi ba, kuma babbar mota mai batir biyu, guda ɗaya ya raunana ya isa ya hana injin saurin da zai haifar da zafi.

Idan injin yana juyawa sosai amma bai kama ba, gwani ba ya ɗaukar sifana tukuna. Salansa yake kallo. Farin hayaƙi na nuna mai yana isowa amma ba ya ƙonewa, sai a tuhumi matsi ko hita. Rashin hayaƙi gaba ɗaya kuwa yana nufin man bai iso ba. A nan ne fadama ke da nata laifin. Tankin da aka bari rabi yakan yi gumi a ciki saboda laimar damina, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakaninsa da man gas, su zama baƙar kaucin da ke toshe filta. Robobin bututu su bushe, iska ta shiga, dole a sassauta noti a yi ta bugun famfon hannu har kumfa ta ƙare. Ɓera da zanzaro ma ba a bar su a baya ba: wannan ya ci waya, wancan ya gina ɗakinsa a bakin bututu.

Mafi hatsari ita ce motar da ambaliya ta shafa. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan ya shiga silinda aka tura motar ko aka ja ta da ƙarfi, sandar fistin na iya lanƙwashewa nan take. Al'adar "a tura ta" da ta ceci direbobi da yawa, a nan asara take jawowa. Sai an cire nozul, an juya injin da hannu, an duba ko man inji ya koma fari.

Daga baya aka fara fitar da injinan da kwamfuta ke sarrafa fesa mansu, da matsin da ya ninka na da. A irinsu, sassauta bututun nozul injin na juyawa na iya huda fatar hannu, kuma ɗigon ruwan da tsohuwar 911 za ta haɗiye yana iya kashe famfo. Bakaniken da ya gaji kunne da ido daga ubangidansa yanzu yana jiran mai na'urar bincike ya iso daga Kano, shinkafa kuma tana nan a masussuka.