Takardar Shanu: Daga Kasuwar Azare Zuwa Sabon Ibadan

Da yawa daga cikinmu a nan Sabo asalinmu ƙasar Katagum ne, kuma fataucin shanu ne ya kawo kakanninmu Ibadan. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, kuma a shekarar ce aka ɗauke hedikwatar masarautar Katagum daga tsohon garin da Malam Zaki ya kafa, aka mai da ita Azare. Bayan shekara goma Turawa suka cire ƙasar daga lardin Kano suka haɗa ta da Bauchi. Azare ta zauna a kan hanyar Kano zuwa Potiskum da Maiduguri, sai kasuwarta ta zama mahaɗar shanun Barno da na fadamun kogin Jama'are.

To, ina aka samo takardar nan da duk mai lodin shanu ke yanka kafin mota ta tashi? Daga annoba aka samo ta. Wajen 1891 ciwon bushiya ya ratsa ƙasashen Barno da Hausa, ya kashe mafi yawan shanun Fulani, masu garke suka wayi gari da sanda kawai. Ya sake dawowa bayan Turawa sun ci ƙasa. Shi ya sa suka buɗe sashen likitocin dabbobi a Zariya a 1914, suka yi dokar cututtukan dabbobi a 1917, sannan a 1924 suka koma Vom inda ake haɗa allurar rigakafi.

Makiyaya ba su karɓi malaman huji hannu biyu ba da farko, kuma suna da hujja. En'e ɗin da ke aiko mai allura ita ce ke aiko mai karɓar jangali, wanda ya kai garkensa a yi masa allura ya san an ƙirga shi ke nan. Sai da suka ga shanun da aka yi wa suna tsira, na maƙwabci suna zubewa, tukuna suka fara kawowa da kansu.

Fatake kuma aka ɗora musu tsari. Ba a kora shanun sayarwa sai ta burtalin da hukuma ta amince, kuma sai an tsaya a tasha malamin dabbobi ya duba baki da ido da hanci, ya ƙirga, ya rubuta takarda. Mai hali ya kai su tashar jirgin ƙasa a Kano, ko Nguru da layin dogo ya isa a 1930. Marar hali ya ba 'yan kore, su yi makonni a ƙasa, su haye Kwara a Jebba, su shiga dajin ƙudan tsando. Sa da ya kwashi sammore a hanya ba ya jimawa a kurmi. Dole a sayar da shi cikin 'yan kwanaki, kuma bashi mahautan Yarbawa ke ɗauka. Nan ne masu gida na Sabo suka sami matsayinsu: su sauki baƙo, su nemo dillali, su tsaya masa har kuɗinsa ya fito.

Mu faɗi gaskiya, tsarin ya yi aiki. A 1962 aka fara babban rigakafin bushiya tare da Nijar da Chadi da Kamaru, ana huda kunnen duk dabbar da aka yi wa. Da aka yi sakaci ciwon ya dawo a 1983, dattawanmu ba su manta da asarar shekarar ba. Gwamnatin soja ta sabunta dokar a 1988. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya a mashaya, kuma malamanmu na Malikiyya sun wajabta bayyana aibin dabba ga mai saye.

Yau tirela ta maye gurbin jirgi da 'yan kore, kwana biyu ko uku an iso. Takarda tana nan, dubawar ce ta yi ƙaranci. Tambayi kowane direba shinge nawa ya biya daga Azare zuwa kasuwar Akinyele, sannan ka tambaye shi a nawa aka hau motar aka buɗe bakin sa ko ɗaya. Alhali dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Wannan karɓe-karɓen na cikin kukan da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta yi a watan Fabrairun 2021, da ta tsayar da lodi zuwa kudu bayan rikicin kasuwar Sasa.

Kuɗin shinge kan naman yake komawa, amma abin da ya fi damunmu shi ne rashin duban. Ciwon huhu da boru suna nan. A watan Yulin 2023 gwamnati ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, shi kuwa yana kama mutum, kuma mahauci da mai fiɗa ne ke fara taɓa jinin. An yi sabuwar doka a 2022, an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024. Abin da shugabannin kara a nan da Azare ya kamata su nema wurinta a rubuce shi ne likita ya duba shanu a wurin lodi, a yanka takarda ɗaya, kowace jiha ta karɓe ta har Ibadan.