Taici da Cigung: Tarihin Da'awar Warkarwa a Wasannin Faɗa na Ƙasar Sin

Motsa jiki don neman lafiya ya girmi yawancin salon kunfu da aka sani a yau. A 1973 masu haƙar kayan tarihi sun buɗe wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suka tarar da ƙyallen siliki mai zanen mutum 44, maza da mata, suna miƙa suna lanƙwasa. A gefen wasunsu an rubuta ciwon da motsin ke kora, kamar ciwon gwiwa da kurumta. Sinawa na ce wa wannan daoyin, kuma ba shi da haɗi da dambe. Haka ma wasan dabbobi biyar da ake jingina wa likita Hua Tuo, wanda ya mutu wajen 208.

Sai daga baya aka gwama shi da faɗa. Littafin Yijin Jing, mai alƙawarin mayar da jijiya kamar ƙarfe, an daɗe ana cewa Bodhidharma, malamin addinin Buddha, ne ya bar wa masu ibada na gidan Shaolin. Masanin tarihi Tang Hao ya rushe wannan labari a 1930. Manazarta na ganin an rubuta littafin ne wajen 1624, fiye da shekara dubu bayan zamanin Bodhidharma. Imani da ƙarfin ci, wato iskar rai da ake cewa tana zagaya jiki, ya taɓa kaiwa maƙura a boren 1900, inda mayaƙan ƙungiyar Yihetuan suka tunkari sojojin Turawa da Japan da yaƙinin cewa harsashi ba ya huda su, kamar dai 'yan tauri. Harsashi kuwa ya huda su.

Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne aikin ɗori. Malaman kunfu da yawa sun iya gyaran targaɗe da karaya, tunda a filinsu ake samun raunin. Ɗaya daga cikinsu, Wong Fei-hung, ya kasance yana da ɗakin magani mai suna Po Chi Lam a Guangzhou.

Shi kuwa taici, salon kunfu ne da ya fito daga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan. Yang Luchan ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, jikansa Yang Chengfu ya sassauta shi ya zama mai tafiyar hawainiya. Gwamnatin kwaminis ta ga arhar magani a ciki: a 1956 ta fitar da salo mai motsi 24 don jama'a, a daidai lokacin da wani mai suna Liu Guizhen ke yaɗa kalmar cigung, wato motsa jiki da sarrafa numfashi don ƙarfafa ci, a gidan jinya na Beidaihe. Harkar cigung ta wuce gona da iri bayan 1980. Wani malami, Yan Xin, har ya ce shi ya kashe gobarar dajin Daxing'anling ta 1987 daga nesa. A 1999 hukuma ta haramta ƙungiyar cigung ta Falun Gong, ta matsa wa sauran ƙungiyoyin.

Binciken likitoci ya tabbatar da abu kaɗan, amma mai amfani. Gwajin da aka yi a Atlanta ta Amurka, aka buga a 1996, ya nuna taici na rage yawan faɗuwar tsofaffi. Wani na 2012 ya nuna yana taimaka wa masu cutar Parkinson su tsaya da ƙafafunsu. Zancen warkar da ciwon daji, ko tura ci cikin jikin majinyaci ba tare da an taɓa shi ba, bai tsallake gwaji ba. Hukumar UNESCO ta sa taici cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020.