Adashi: Tarihin Tara Jari a Ƙasar Hausa

Adashi tsari ne da mutane kaɗan da suka yarda da juna ke haɗa kuɗi daidai wa daida a kan lokaci, kullum ko duk mako ko ranar kasuwa, sannan mutum ɗaya ya kwashe abin da aka tara. Haka za a yi ta zagayawa har kowa ya ɗauka. Abin da kowa ke bayarwa shi ne zubi, ranar karɓa kuwa kwasa. Mai hali yakan shiga da hannu biyu, ya zuba ninki, ya kwasa sau biyu. Mai riƙe da lissafi ita ce uwar adashi, kuma a wurare da yawa ita ke fara kwasa saboda wahalar bin zubi.

Tushen al'adar yana cikin zaman Bahaushe tun kafin zuwan banki. Gayya adashin ƙarfi ce: yau a yi noman gonar wannan, gobe ta wancan. Biki ma haka yake tsakanin mata, domin gudummawar da aka kai wa ƙawa ranar suna ko aure bashi ce da za ta rama, sau da yawa da ƙari. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda irin wannan ƙawance ke riƙe da rayuwar mata a ƙasar Zazzau. Maƙwabta suna da nasu. Yarabawa na cewa esusu, a Gana susu, a yammacin Kamaru njangi, kuma bayin da aka kwasa zuwa tsibiran Karebiyan sun tafi da shi, har yau ana kiransa susu a Tirinidad.

Zubi na yau da gobe yana son kuɗi ƙanana masu sauƙin ƙirgawa, wuri kuwa ya biya wannan bukata. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne a tekun Indiya. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda, keso ɗaya kuma wuri 20,000 ne. Mai sayar da fura ko ƙosai na iya ware 'yan wuri kaɗan kowace rana ba tare da jarinta ya girgiza ba. Da Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, anini da kwabo da sisi da sule suka maye gurbinsa, sai Naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973.

Banki ya iso Kano tun zamanin mulkin mallaka, amma na manyan fatake ne. An san labarin Alhassan Ɗantata da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 bankin Turawa a 1929. Macen da ke cikin kulle ba ta da hanyar zuwa can, ba ta kuma bukata. Yarinyar da ke yi mata talla ita ke kai zubi gidan uwar adashi, kwasa kuma ta zama tunkiya, ko keken ɗinki, ko kwanukan kayan ɗakin 'ya mace. Akwai kuma dalili na addini mai ƙarfi. Wanda ya kwasa da wuri ya ci bashi ne, na ƙarshe ya yi ajiya, kuma ba a ƙara wa kowa ko kwabo, shi ya sa mafi yawan malamai ba su ga riba a ciki ba. A kasuwanni wani salo ya fito, inda mutum ɗaya ke zagaya rumfuna yana karɓar zubi kullum, ƙarshen wata ya mayar wa kowa nasa, ya riƙe na kwana ɗaya ladan aikinsa.

Sauyi mafi girma a Nijar ya faru. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkarar Maraɗi a ƙarƙashin sunan Mata Masu Dubara. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe komai, sai zubin ya zauna a akwati, mamba ta ari abin da take bukata ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a raba uwa da riba gwargwadon zubin kowa. Wannan dabara da aka gina a kan adashin matan Hausawa ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, ko da yake ƙarin da ake ɗorawa a kan rance ya jawo tambaya wajen malamai, har wasu ƙungiyoyi suka koma ciniki da kuɗin.

Raunin adashi biyu ne. Na farko amana: wanda ya kwasa ya daina zubi, ko uwar adashi ta cinye kuɗin, ba takarda ba shaida sai kunya da idon jama'a. Na biyu faɗuwar darajar kuɗi, kuma na ƙarshen layi ne ke ɗaukar wannan asara. Mutanen Nijar sun ɗanɗana a Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi, a Najeriya kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Saboda haka mutane suka fi son gajeren adashi mai 'yan hannuwa, wasu kuma suka koma zubin kaya, shinkafa ko atamfa ko sabulu. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira, ya tura zubi da yawa zuwa wayar hannu, inda uwar adashi ke riƙe da lissafi a zauren WhatsApp, kowa ya tura shaidar biya ranar da aka ajiye.