Tarihi da Fasalin Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu, Legas

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun fi mayar da hankali ga jigo da salo, ba su cika waiwayar dandalin da ake aiwatar da wasan a kansa ba. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu, kusa da gaɓar ruwan Legas, domin nuna yadda ƙaurar babban birni zuwa Abuja ta shafi makomarsa.

2.0 Asali da Fasali

An soma ginin a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kammala shi a 1976, domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka gudanar daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Kamfanin Technoexportstroy na ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi a kan fadama, bisa samfurin Fadar Al'adu da Wasanni ta Varna, birnin da ke bakin Bahar Aswad, wadda aka buɗe a 1968. Daga nesa ginin ya yi kama da hular hafsan soja. A lokacin da aka gina shi, babban zaurensa na ɗaukar kimanin mutum 5,000, ban da zaurukan sinima biyu. Zane-zanen Erhabor Emokpae na cikin abubuwan da suka sa masa kamannin Afirka.

3.0 Tasirin Ƙaura

A Fabrairun 1976, shekarar da aka kammala ginin, Janar Murtala Muhammed ya ba da dokar kafa Abuja. Ke nan tun ran gini tun ran zane, gidan ya tashi ne a birnin da gwamnati ke shirin bari. Bayan ƙaurar 12 ga Disamba 1991 kulawa ta ja baya, rufi ya riƙa yoyo, babban zauren ya daɗe a rufe. Daga bisani Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka gyara shi, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, aka sake buɗe shi a 2025.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ƙayatar gini ba ta raya dandali. Masu wasa da 'yan kallo da kulawar hukuma su ke raya shi. Wannan darasi ya shafi Abuja, inda Cibiyar Al'adu da Hasumiyar Millennium da aka fara a 2006 ta shafe shekaru masu yawa ba a kammala ta ba.